Takarda ɗaya, ƙasa biyu: yaya za a yi kwamfutocin gwamnatoci su ji maganar juna a kan iyaka?

Alhaji Sani Jibiya:
Assalamu alaikum jama'a. Tambayata ga masana ce. Yanzu babu ƙasar da ba ta koma kwamfuta ba a yankinmu. Kwastan ta Najeriya na da manhajarta, duwan na Nijar, wato kwastan ɗinsu, na aiki da SYDONIA, Ghana na da ICUMS. Mu muna da NIN, maƙwabta na da katinsu. Amma tirela ta ɗauko kaya, an shigar da bayaninta kaf a wannan gefe, tana tsallaka iyaka sai wani ma'aikaci ya karɓi takarda ya sake bugawa da hannu tun daga farko. Ina wuyar take? Ba intanet ɗin ɗaya ba ce?

Injiniya Bashir:
Wa'alaikumussalam Alhaji. Haɗa saba da saba, wato manyan kwamfutocin da ke riƙe bayanai, shi ne mafi sauƙi a aikin gaba ɗaya, injiniyoyi biyu za su gama shi cikin 'yan makonni. Tarayyar Turai, da ta fi kowa daɗewa tana wannan fama, ta raba matsalar gida huɗu a tsarinta na 2017: doka, tsarin aikin ma'aikatu, ma'anar bayani, sannan na'ura a ƙarshe. A ganina na ukun nan ne ke kayar da mutane, don shi ba a ganinsa sai an fara aiki.

Ga misali a kusa. Ma'aikaci a ƙasar da ke aiki da Faransanci ya rubuta nauyin kaya 25,500. A wurinsa waƙafi shi ke raba cikakkiyar lamba da ɓurɓushi, wato tan 25 da rabi yake nufi. Manhajar da aka gina a kan tsarin Ingilishi ta karanta dubu 25 da ɗari biyar. Saƙo ya tafi lafiya, ya isa lafiya, babu na'urar da ta yi ƙara, amma bayanin ya lalace. Haka sha'anin agogo. Najeriya da Nijar da Benin agogonsu ɗaya, Togo da Ghana da Burkina Faso kuwa suna baya da awa guda. In ba a rubuta lokaci da ma'aunin duniya ba, sai ka ga rumbun bayanai ya nuna mota ta isa ofishi na biyu kafin ta bar na farko, manhaja ta ƙi karɓar saƙon.

Issoufou Maradi:
Injiniya ya faɗi gaskiya. Amma kada a ɗauka ba a yi komai ba a wajen duwan. Akwai SIGMAT, tsarin da ke haɗa kwamfutocin duwan na ƙasashe, wanda CEDEAO, wato ECOWAS, ta ƙaddamar a Abidjan a 2019, aka fara tsakanin Kodibuwa da Burkina Faso, daga baya Nijar da Benin da Togo da wasu suka shiga. Tushensa tsohuwar yarjejeniyar TRIE ce ta 1982, wadda ta ce kayan da ke wucewa ta cikin ƙasa zuwa wata ƙasa su yi tafiya da takarda ɗaya da lamuni ɗaya.

Ga yadda yake tafiya. Wakilin mai kaya ya shigar da bayani a ofishin tashi, a ce tashar jirgin ruwa ta Lome. Ya ajiye lamuni, don in kayan suka ɓace a hanya a biya harajin da ya kamata. Duwan su duba, su ɗaura hatimi a kwantena, su fitar da takardar T1 mai lamba. A lokacin nan manhaja ta aika sanarwa zuwa kowane ofishin da motar za ta bi da kuma ofishin sauka. A kowace iyaka ma'aikaci ba ya sake bugawa, lambar kawai zai kira, ya duba hatimi, ya danna cewa ta wuce. In ta isa Yamai ofishin sauka ya aika sanarwar isowa, bayan bincike ya aika sakamako, sai can Lome a saki lamuni.

Wannan saƙo na ƙarshe shi ne ran tsarin. In ya maƙale, kaya sun isa, an biya haraji, an ma sayar da su a kasuwa, amma a kwamfutar ofishin tashi motar tana hanya har yanzu. Kuɗin lamuni ya kwanta, wakili ba ya iya buɗe sabon aiki da shi.

Alhaji Sani Jibiya:
To Malam Issoufou, me ke maƙale saƙon in har layi na aiki?

Issoufou Maradi:
Abubuwa ƙanana ne Alhaji. Direba ya sauya hanya saboda tsaro ko rufe iyaka, ya fita ta ofishin da ba a sanar da shi ba. Tun daga 2023 da aka rufe gadar Gaya da Malanville, kayan Nijar da yawa suka koma bi ta Togo da Burkina, kuma duk ofishin da bai samu sanarwa ba ba zai ga motar a kwamfutarsa ba. Ko kan tirela ya lalace a hanya, aka kawo wani kan, lambar mota ta sauya, ba wanda ya gyara a manhaja. Ko an buga lambar kwantena ba daidai ba. Ita lambar kwantena harafi huɗu ce da lamba bakwai, ta ƙarshen an lissafo ta ne daga sauran don a kama kuskure. Manhajar da ke yin wannan lissafi tun wajen shigarwa za ta hana kuskuren nan take, wadda ba ta yi kuwa sai ta tura kuskuren har ƙasa ta uku.

Injiniya Bashir:
In ƙara a kan nasa. Lambar kaya ma haka. Lambobi shida na farko na duniya ne, Hukumar Kwastan ta Duniya ke tsara su: albasa 0703.10, riɗi 1207.40, waken nan namu 0713.35. Harajin bai ɗaya na ECOWAS ya ƙara huɗu suka zama goma. Amma duk bayan shekara biyar ko makamancin haka ana sabunta jadawalin, an yi a 2012 da 2017 da 2022. Shi kansa waken sai a jadawalin 2012 ya samu lambar kansa, da yana cikin tarkacen "sauran wake". In ƙasa ɗaya ta hau sabon jadawali maƙwabciyarta na kan tsoho, lambar da take daidai a nan ba ta ma wanzu a can. Maganinsa tebur na fassara tsakanin tsoho da sabo, da kuma ranar sauyi da aka yi yarjejeniya a kanta watanni kafin ta zo. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sannan in ƙasa ta sauya manhajarta gaba ɗaya, kamar yadda Najeriya ta fara barin NICIS II zuwa B'Odogwu daga ƙarshen 2024, dole a sake gwada kowane saƙo da kowane maƙwabci. Shi ya sa ake so a gina ƙofar musaya daban da manhajar cikin gida, a kan tsarin bayanai na Hukumar Kwastan ta Duniya, yadda ko an rushe ɗaki an sake gini ƙofa tana nan inda maƙwabta suka san ta.

Hajiya Rabi:
Ku kun ji daɗi, kaya suna da lamba. Ku zo wajen mutane ku ga aiki. Mutum ɗaya, uwa ɗaya uba ɗaya da ɗan'uwansa, amma a Katsina an rubuta Usman Abubakar, a Maraɗi an rubuta Ousmane Aboubacar. Shu'aibu ya zama Chaibou, Muhammadu ya zama Mahamadou ko Mamadou ko Mahaman, Umaru ya zama Oumarou. Manhajar da ke kwatanta harafi da harafi za ta ce mutane biyu ne.

Bayan haka fom ɗin da aka aro daga Turai yana neman "sunan iyali", abin da Bahaushe bai gada ba. Wani ya sa sunan mahaifi, wani na kaka, wani sunan garinsu, Bichi ko Funtuwa. Mutum ɗaya zai iya cike gurbin nan iri uku a takardu uku ba tare da ya yi ƙarya ba. Layukan nan na ƙasan fasfo da na'ura ke karantawa kuma ba sa ɗaukar komai sai A zuwa Z da lambobi da alamar <. Ɗ da ƙ da ɓ duk sun tafi, alamar da ke cikin Shu'aibu ta faɗi, Ɗanjuma ya koma DANJUMA. Gurbin suna a fasfo harafi 39 ne, a katin shaida 30, suna mai tsawo a gutsure shi, kuma ba lallai ƙasashe biyu su gutsure a wuri ɗaya ba.

Ranar haihuwa ta fi komai ciwo. Dattawa da yawa a Nijar takardarsu ta kotu ce, an rubuta an haife su "wajejen" shekara kaza. A Najeriya rantsuwar shekaru ce. Da aka zo shigarwa a kwamfuta sai aka cika musu 1 ga Janairu, wasu 31 ga Disamba. Yanzu ka nemi Ibrahim Musa, haihuwar 1 ga Janairu 1970, ka ga mutum nawa za su fito.

Kabiru Zariya:
Hajiya, ai duk wannan zanen yatsa ya kashe shi. Ni a ganina muna wahalar da kanmu ne. A gina rumbu guda na yanki baki ɗaya, kowa a ɗauki yatsunsa goma da fuskarsa, a ba shi lamba ɗaya. Ko sunansa Ousmane ko Usman, yatsa ba ya jin Faransanci.

Dokta Aminu:
Malam Kabiru, yatsa na taimakawa ƙwarai, amma bambanta abu biyu. Akwai ka kwatanta yatsan mutum da wanda ke cikin katin da ya miƙo, ɗaya da ɗaya. Wannan mai sauƙi ne kuma abin dogaro. Akwai kuma ka ɗauki yatsa ka bincika cikin rumbu gaba ɗaya. Mu ƙaddara na'ura na kuskure sau ɗaya cikin kwatance dubu ɗari. A rumbu mai mutum miliyan ɗari, kuma masu NIN kaɗai sun haura haka, yatsa ɗaya zai jawo maka wajen mutum dubu da na'ura ta ce sun yi kama. Shi ya sa ake haɗa yatsu goma da fuska, kuma duk da haka ake ajiye ma'aikata masu duba waɗanda na'ura ta kasa rabewa. Ga manoma da magina da tsofaffi da zanen yatsunsu ya shafe, ga mata masu ƙunshin lalle da na'ura ke yawan ƙi.

Akwai kuma abin da ba a cika sani ba. A fasfo mai cif, ma'aikacin iyaka na kowace ƙasa zai iya karanta suna da hoto, don makullin buɗe su daga layukan ƙasan fasfon ake lissafo shi. Amma zanen yatsa a kulle yake da wani makulli na daban, sai ƙasar da ta ba da fasfon ta ba na'urarka satifiket na izini. In ba a yi wannan musaya ba, yatsan na cikin cif ɗin amma ba shi da amfani a iyakar maƙwabci.

Barista Hadiza:
Ni rumbu guda ɗin nan ne ban yarda da shi ba sam, ko da na'ura ba ta kuskure. A wace ƙasa za a ajiye shi? Kotun wace ƙasa za ka je in an ɓata maka bayani? Ku dubi abin da ya faru a gabanmu. Ranar 29 ga Janairu 2025 ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata, suka fito da fasfon ƙawancensu na AES. ECOWAS ta ce a ci gaba da karɓar fasfo da katin da ke ɗauke da tambarinta har sai an sanar da wani abu. Wannan ya yiwu ne saboda kowace ƙasa ita ke riƙe da rajistar 'yan ƙasarta. Da a ce yatsun mutanen Nijar na zaune a wata saba a Abuja, ko na 'yan Najeriya a wani birni na waje, ranar da aka ɓata da me za a yi? Wanda ke riƙe da saba ya riƙe wuyan ƙasa.

Doka ma ba ta bari a kwashi bayanan mutane a tsallaka da su haka kawai. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023, daga sashe na 41 zuwa 43, ta ce sai in ƙasar da za a kai wa tana da isasshiyar kariya, ko kuma an cika wasu sharuɗɗa kamar amincewar mai bayanin. Nijar na da dokarta da hukumarta, HAPDP. Ghana ta yi tata tun 2012. ECOWAS na da ƙarin doka a kan wannan tun 2010, yarjejeniyar Malabo ta Tarayyar Afirka kuma da aka amince da ita a 2014 sai a Yunin 2023 ta fara aiki. Shekara tara ke nan kafin ƙasashe 15 su tabbatar da ita a hukumance. Daga nan za ku gane saurin doka da saurin injiniya ba ɗaya ba ne.

Kabiru Zariya:
Barista na ji. Amma in babu rumbu guda, kowa na riƙe da nasa, ai mun koma gidan jiya.

Injiniya Bashir:
A'a Malam Kabiru, akwai hanya ta uku, kuma an gwada ta. Estoniya tun 2001 take da X-Road, tsarin musayar bayanai tsakanin ma'aikatu. Babu babban rumbu a cikinsa. Kowace ma'aikata na riƙe da bayananta, a bakin ƙofarta a dasa wata saba mai gadi. In ofishin haraji na son wani abu daga rajistar jama'a, tambayar za ta bi ta mai gadinsa, ya sa mata hannu na lantarki, ya buga mata lokaci, ya rufe ta, ya aika kai tsaye wa mai gadin ɗaya ɓangaren. Shi kuma ya duba ko mai tambaya na da izinin wannan tambaya takamaimai. Saba ta tsakiya ba ta ganin bayanin kowa, jerin membobi da makullansu kawai take rabawa. Finlan ta ɗauki tsarin, suka kafa cibiya ta haɗin gwiwa a 2017 don kula da manhajar, a Fabrairun 2018 suka haɗa nasu biyun. Benin a nan kusa da mu irin wannan gini ta ɗauka don ma'aikatunta.

Abin lura shi ne, ko bayan an haɗa, ba a buɗe komai ba sai ma'aikata da ma'aikata sun zauna sun rubuta yarjejeniya: wane bayani, don wane dalili, a ajiye shi tsawon wane lokaci. A Janairun 2019 ne mutumin Finlan ya fara iya shiga kantin magani a Estoniya ya karɓi maganin da likitansa ya rubuta a gida. Nan ma sai da aka koma amfani da sunan sinadarin magani da ƙarfinsa, don sunan kasuwa ya bambanta, kuma aka cire magungunan da ke sa maye daga tsarin.

Hajiya Rabi:
Kuma kada a zaci su Turawan sun tsira daga matsalar suna. Dokarsu ta eIDAS ta 2014 ta wajabta, daga Satumbar 2018, ƙasa ta karɓi shaidar lantarki ta wata ƙasa in an yi rajistarta. Abu huɗu ne dole su tsallaka: sunan iyali, sunan yanka, ranar haihuwa, da wata lamba ta musamman. To mutum ya shiga shafin hukumar fansho ta ƙasar da ya taɓa aiki shekara ashirin baya. Shafin ya yarda shi ne wane, amma ya kasa gane wane fayil ne nasa a tsohuwar rajista, don lambar da ta zo ba ita ce aka san shi da ita ba. A Jamus ma lambar tana sauyawa in an sabunta kati. Sai a ce masa ya aiko da kwafin takarda, an gudu ba a tsira ba.

Abin da ke aiki shi ne a haɗa sau ɗaya da idon mutum. Ranar farko ma'aikaci ya tabbatar Ousmane na can shi ne Usman na nan, a rubuta lambobin biyu gefe da gefe, gobe manhaja ta wuce kai tsaye. Kuma a ajiye suna iri biyu a rajista: yadda mai shi ke rubuta shi da cikakkun haruffa, da yadda na'ura ke karantawa. Ranar haihuwar da ba a tabbatar ba a sa mata alama cewa kintace ne, kada a ƙirƙira mata 1 ga Janairu. Ƙa'idar fasfo ta ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ma ta yarda a cike gurbin rana da wata da alamar < in ba a san su ba. Shirin WURI na Bankin Duniya na yi wa jama'a rajistar shaida, da ya fara da Kodibuwa da Gini a 2018 sannan ya ƙara Nijar da Benin da Togo da Burkina a 2020, nan ne ya kamata a tsaya a kan waɗannan ƙa'idoji tun ana ɗaukar mutane, don gyara bayan an shigar da miliyoyi ya fi tsada nesa.

Nuhu Kumasi:
Duk abin da kuke faɗa yana bukatar netwok. Katin Ghana na ɗauke da tambarin ECOWAS, Senegal ta fitar da irinsa tun 2016 bayan shugabanni sun amince da katin a 2014. Amma a ƙaramar iyaka inda babu wuta, sabis sai an hau tudu, ma'aikaci juya katin kawai zai yi ya dubi hoto. Cif ɗin ado ne a wurin.

Dokta Aminu:
Malam Nuhu, wannan ita ce tambayar da ta fi dacewa da mu, kuma amsarta na da daɗi: tabbatar da sa hannun lantarki ba ya bukatar netwok a lokacin dubawa. Ƙasa na da makulli biyu, na sirri da take sa hannu da shi, da na fili da take rabawa. In na'urar iyaka na ɗauke da makullan fili na maƙwabta, za ta karanta cif, ta lissafa, ta gane ko an taɓa bayanin, ko da a tsakiyar daji take. Don raba waɗannan makullai ne ICAO ta buɗe ma'ajiyarta ta PKD a 2007, kuma Najeriya na ciki.

Misali mafi tsabta shi ne takardar rigakafin korona ta Turai ta Yulin 2021. Bayanin mutum yana cikin lambar QR da ke hannunsa, an sa mata hannu. Ƙofar da ta haɗa ƙasashe ba ta ɗauke da sunan kowa, makullan fili kawai ke bi ta cikinta. Shi ya sa ƙasashen waje da dama suka iya shiga cikin sauri, har da Togo da Benin, kuma a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta karɓi tsarin. Irin wannan za a iya yi wa takardar haihuwa, lasin tuƙi, katin inshorar mota mai ruwan ƙasa na ECOWAS, har takardar makiyaya masu tsallaka iyaka da aka amince da ita tun 1998.

Inda ake faɗuwa shi ne kulawa. Satifiket na da wa'adi, ƙasa na fito da sabbin makullai lokaci lokaci. Na'urar da ta yi wata shida ba a sabunta ta ba za ta ƙi sabon fasfo na gaskiya, ta kuma karɓi wanda aka soke makullinsa. Batirin agogon na'ura ya mutu, kwanan wata ya koma baya, sai ta ce duk satifiket bai fara aiki ba. Ma'aikaci ya ga ja sau goma a kan takardun kirki, daga ranar ya daina kallon na'urar. Don haka a sa doka: kowace na'ura ta sha sabuntawa aƙalla sau ɗaya a mako, ko da ɗaukarta za a yi a kai gari mai sabis, kuma ta riƙa nuna kwana nawa rabonta da sabuntawa a fuskarta.

Iyakar wannan hanya a faɗe ta: tana nuna takarda ta gaskiya ce, ba ta nuna ko an sace ta jiya. Wannan sai an tambayi rumbun Interpol na takardun da suka ɓata, ko a sauke jerin a na'ura.

Issoufou Maradi:
A duwan ma haka ne. Dole a rubuta abin da za a yi ranar da layi ya yanke: bayan awa nawa za a koma takarda, wane hatimi za a buga, wa zai shigar da bayanin in layi ya dawo, cikin kwana nawa. In ba a rubuta ba, ko dai motoci su yi layi kwana uku da albasa tana ruɓewa a rana, ko a sake su da takarda kuma ba mai komawa ya shigar. Nan ne lamuni ke maƙalewa.

Injiniya Bashir:
Ta ɓangarenmu kuma kowane saƙo ya zama yana da lambarsa da ba ta maimaituwa, a jera saƙonni a layi, manhaja ta yi ta gwadawa har ɗaya ɓangaren ya amsa cewa ya karɓa. Sau da yawa saƙo ya isa, amsar ce ta ɓace. Mai aikawa ya sake turawa, in mai karɓa bai duba lambar ba sai mota ɗaya ta zama biyu a rajista, ɗaya ta isa, ɗayar kuma a neme ta har abada. A Turai lambar tafiyar kaya harafi 18 ce, biyun farko shekara, biyu na biye ƙasa, ta ƙarshe ta kama kuskure, kuma ita ke bin kayan daga tashi har sauka.

Barista Hadiza:
Saura tambayar da injiniyoyi ba sa so: in ƙasa ta farko ta aiko da bayani ba daidai ba, ƙasa ta biyu ta ci tarar ɗan kasuwa a kansa, wa zai biya? A eIDAS an rubuta alhakin ƙasar da ta ba da shaida in ta yi sakaci. Mu ma sai an rubuta. Kuma sai kotun kowace ƙasa ta yarda cewa saƙon lantarki na hukumar waje hujja ne. Dokar shaida ta Najeriya ta 2011 a sashe na 84 ta karɓi abin da kwamfuta ta fitar, amma da sharaɗin a kawo takardar da ke bayyana na'urar da yadda take aiki. In na'urar a wata ƙasa take, wa zai sa hannu a wannan takarda? Yarjejeniya ta ambaci ofishin da sunansa.

Wani abu da ya kamata mu ɗauka daga Turai: a tsarinsu na "sau ɗaya tak", da dokar 2018 ta sa wa wa'adin Disambar 2023, hukuma ba ta jawo takardarka daga wata ƙasa sai kai ka nema, kuma za a nuna maka ita ka gani kafin ta tafi. Ga mutanenmu da sunansu ke da rubutu uku, wannan dubawar ita ce damar ƙarshe ta kama kuskure. Daga Janairun 2025 kuma sun wajabta wa hukuma, kafin ta kafa sabon tsarin da zai shafi aiki tsakanin ƙasashe, ta fara auna yadda zai haɗu da na maƙwabta.

Alhaji Sani Jibiya:
Allah ya saka da alheri. To in yau aka ce a fara tsakanin Najeriya da Nijar, ga siyasa yadda take, ta ina?

Issoufou Maradi:
Ta hanya ɗaya da takarda ɗaya, Alhaji. Kano, Katsina, Jibiya, Ɗan Isa, Maraɗi. Ba sai ƙasashen na ƙungiya ɗaya ba, hukumomin duwan biyu na iya sa hannu a tsakaninsu, kuma akwai hukumar haɗin gwiwa ta Najeriya da Nijar da ke Yamai tun 1971. A fara da sanarwar fita kawai: lambar takarda, lambar mota, lambar hatimi, lambar kaya, yawan buhu, nauyi da kilo ba tare da waƙafi ba, da lokaci. Gurbi bakwai ke nan. Wata uku a bar takarda na tafiya tare da saƙo, kullum da yamma a kwatanta mota nawa ta fita nan, nawa ta shiga can.

Hajiya Rabi:
Kuma a rubuta lambar wayar ofishin da za a kira a kowane gefe, mai jin Hausa, don shi ne yaren da ma'aikatan biyu suka haɗu a kai. Fom ɗin ya zo da Ingilishi da Faransanci a gurbi ɗaya, lambar gurbi iri ɗaya.

Injiniya Bashir:
Na yarda da gurbi bakwai, amma a ƙara na takwas: lambar jadawalin kayan da aka yi amfani da shi, 2017 ko 2022. Malam Issoufou, a sanarwar T1 ana sa lambobi goman ne gaba ɗaya, ko shidan farko sun wadatar wajen kwatantawa?

Issoufou Maradi:
Don kwatanta fita da shiga shida sun isa, su ne ba sa bambanta tsakanin ƙasa da ƙasa. Huɗun ƙarshe a bar wa ofishin sauka, shi ke lissafin haraji.